Ba Kowane Mai Dada Ba Ne Bob Marley

Ranar Lahadin da ta wuce, na dawo daga kasuwar Gujungu ke nan, ina zaune a ƙofar shago ina fama da wata rediyo da ɓera ya cinye wa wayoyi, sai ga ɗan ƙanwata ya iso yana ta washe baki. Ya durƙusa ya gaishe ni, tun kafin in gama tambayarsa mutanen gida ya miƙo mini wayarsa.

"Kawu, yau dai na kamo ka. Waƙar Bob Marley ɗari uku da sha biyu aka tura mini."

Na ajiye abin da nake yi na karɓa. Naira ɗari biyar ya ba wani mai tura waƙoƙi a bakin tasha, shi kuma ya ɗura masa folda guda. Na danna ta farko, Lucky Dube ne. Ta biyu Alpha Blondy ne yana ta zuba Faransanci. Ta uku kam Bob ɗin ne, amma da na ci gaba da sauka sai na tarar da ita har sau huɗu, kowace da sunan da aka laƙa mata. Can ƙasa har da wata waƙar coci ta mutanen Gana. Na ce masa, "Ɗana, mutumin nan shekara 36 ya yi a duniya, ya rasu a 1981. Wasu waƙoƙin da ke nan an yi su ne bayan ya shekara ashirin a ƙasa." Jikinsa ya yi sanyi. Sai ya ce to in ba shi sunayen waɗanda zai je a ƙaro masa.

Sunaye ba su da wuya, kuma zan ambaci wasu. Amma in sunaye kawai na ba shi, gobe zai dawo da waƙa dubu, ya ci gaba da tsallake-tsallake, minti ɗaya a nan rabin minti a can, bai san wa ya yi wace ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ni na tara nawa waƙoƙin na rege, wato salon kiɗan su Bob Marley da ya fito daga Jamaika, saboda shi da ire-irensa da ke zuwa shago cajin waya suna tambayata.

Ni rege ya shigo gidanmu ne a cikin jakar yayana. Ya je cin rani Legas, ya dawo gab da faɗuwar damina a 1989 da rikoda mai cin batir shida da kaset guda biyar. Ɗaya daga ciki shi ne Prisoner of Conscience na Majek Fashek, ɗan Binin, wanda ya fito a 1988. A cikinsa ne waƙar nan ta roƙon saukar ruwa take, wadda ta karaɗe ƙasar nan har aka riƙa yi masa laƙabi da mai sa ruwa. Shekarar nan ruwa ya yi mana jinkiri, an yi binne an zuba ido. Yayana ya fito da rikodarsa gindin darbejiya ya ƙure murya, yana gaya wa samari wai a Legas in an sa waƙar nan hadari ke haɗuwa. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya leƙo daga zaure ya ce in ruwa yake so ya tashi ya bi mutane filin idi, roƙon ruwa ba da garaya ake yin sa ba. Aka kashe rikoda. Amma ni, ina ɗan shekara goma sha biyar, wani abu ya riga ya shige ni. Ba muryar ba ce, don lokacin ko Turancin ban gama ji ba. Wannan gurnanin ne na ƙasa-ƙasa da ake ce wa bes, wanda a ƙirji kake jin sa kafin ya iso kunne.

To shawarata ta farko daga nan ta samo asali, kuma duk sauran a kanta suka rataya: ka bi makaɗa, kada ka tsaya ga mawaƙi. Mu Hausawa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya san waƙar Shata ya san ba Shata kaɗai yake saurare ba, akwai masu kalangu da 'yan amshi, in ka cire su waƙar ta zama magana. Haka rege yake, har ma ya fi. Jamaika tsibiri ne da girmansa bai wuce kusan rabin Jigawa ba, mutanensa ba su kai miliyan 3 ba. Makaɗan da suka yi aikin da duniya ke ji ba su da yawa, 'yan gungu ne da ke yawo daga wannan situdiyo zuwa wancan a birnin Kingston. In ka kama sunan mutum ɗaya a cikinsu, shi zai ja ka zuwa albam goma.

Ga misali. A bayan Bob Marley akwai wa da ƙane, Aston Barrett mai bes, wanda ake kira Family Man, da Carlton Barrett mai ganga. Salon gangar nan da kake ji kamar an bar gurbi a bugun farko sai a sauke nauyin duka a na uku, Carlton ne ya fi kowa shahara da shi. Da na fara karanta bayan kwalin kaset, sai na ga sunan Aston a albam ɗin Burning Spear mai suna Marcus Garvey na 1975. Na nemo shi. Wallahi sati biyu ban sa wani abu ba. Muryar mutumin ba ta da zaƙi irin ta Bob, maimaita magana yake yi kamar mai jan baƙi, ga bushe-bushe a baya masu nauyi. Shi da Bob 'yan yanki ɗaya ne, St Ann, kuma can aka haifi Garvey ɗin da ya yi wa waƙar, wani jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, a 1887. A wannan albam ɗin dai na ga wani suna, Robbie Shakespeare, wanda a hannun Aston ya koyi bes. Robbie ya haɗu da wani mai ganga, Sly Dunbar, suka zama kamar ɗan jumma da ɗan jummai. Biyo su da na yi ne ya kai ni ga Equal Rights na Peter Tosh na 1977, ya kai ni ga Black Uhuru, waɗanda su ne suka fara cin kyautar Grammy ta rege a 1985. Sly ne kuma ya buga ganga a Right Time na Mighty Diamonds na 1976, mutum uku masu haɗa murya kamar an auna da ma'auni. Ka ga daga suna ɗaya an samu albam huɗu, kuma babu na yarwa a ciki.

Yanzu ba kwalin kaset, amma abin ya ma fi sauƙi. Ka rubuta sunan albam a intanet, za ka ga shekararsa da wanda ya buga kowane abu. Abin da ya rage shi ne haƙurin karantawa.

Game da Bob ɗin kansa, yawancin abin da ke yawo a wayoyin mutane daga Legend yake, wanda ba albam ba ne da ya zauna ya tsara. Tsince aka yi aka haɗa a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa, kuma aka fi ɗebo masu laushi. In kana son ka ji shi da haƙoransa, nemi Catch a Fire da Burnin', duka na 1973, lokacin Peter Tosh da Bunny Wailer suna tare da shi, sannan Survival na 1979 wanda kusan gaba ɗayansa maganar Afirka ce. Da suka rabu, Bunny ya yi Blackheart Man a 1976. Ni a wurina, kuma na san za a yi mini ca, wannan albam ɗin ya fi rabin abin da Bob ya yi shi kaɗai. Ba ya ɗaukar hankali a ji na farko. Sai dare ya yi, gari ya yi tsit, sannan yake buɗewa.

Ban da makaɗa, akwai gidajen da aka yi aikin. Kowane situdiyo da ƙamshinsa, kamar yadda mai ci ke bambance ƙosan gida kaza da na gida kaza. Studio One na Coxsone Dodd shi ne makarantar allon kusan kowa, can su Bob suka fara, can Burning Spear ya fara. Abokin hamayyarsa Duke Reid, tsohon ɗan sanda, shi ke da Treasure Isle, inda aka fi iya salon da ya gabaci rege, wato rocksteady, wajen 1966 zuwa 1968. Kiɗa ne mai sanyi, yawanci na soyayya, irin na su Alton Ellis. Kafin shi akwai ska mai gudu, na zamanin da mutanen Jamaika suka samu 'yancin kai a 1962. Matasa kan ce mini waɗannan sun tsufa, sautin kamar daga cikin rijiya. Gaskiya ne. Amma a nan za ka gane wani sirri: mutanen nan ba sa yar da kiɗa. Kiɗa ɗaya, su suna ce masa riddim, sai mawaƙa hamsin su hau kansa, kowa da tasa waƙar, shekara da shekaru. Akwai wani da aka buga a Studio One a 1967 mai suna Real Rock, har yau ana hawansa. Ranar da ka ji sabuwar waƙa ka ce "ai na san kakan wannan", ranar ka fara tara rege da gaske. Kamfanin Trojan da na Soul Jazz a Landan sun tattara irin waɗannan tsofaffin, in ka ga sunansu a jikin abu, ɗauka kawai.

Sai Black Ark, ɗakin da Lee Perry ya gina a bayan gidansa. Mutum ne da ake ce wa ba shi da saiti, amma da ƙananan na'urori ya fitar da Heart of the Congos a 1977. Sautin kamar hazo ya rufe shi, kana jin abubuwa suna motsi a ciki ba ka gan su ba.

Yanzu bari in zo kan mutumina. Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby, sana'armu ɗaya da shi. Mai gyaran rediyo ne a unguwar Waterhouse, yana naɗa taransifoma, yana haɗa amfilifaya da hannunsa. Bai iya waƙa ba, ba ya buga komai. A lokacin ƙananan faya-fayan garmaho fuska biyu gare su, gaba waƙa, baya kuma kiɗan zalla don masu magana a wurin rawa su hau kai. Shi sai ya ɗauki wannan bayan ya mai da shi abin wasansa. Zai zare murya ya bar kalma ɗaya tana amsa kuwwa har ta ɓace. Zai kashe komai ya bar ganga da bes su kaɗai, sai can ya sako jita kamar an jefa dutse a kududdufi. Wannan shi ake kira dub. Ranar da na fara jin King Tubbys Meets Rockers Uptown, wanda suka yi da Augustus Pablo a 1976, na ɗauka kan rikodata ne ya yi datti. Na ciro kaset, na goge kan da auduga da sifirit, na mayar, abin bai canza ba. Sai da na yi haka sau biyu sannan na gane da gangan mutumin yake yi. Na zauna ina dariya ni kaɗai. Tun daga ranar nake kallon akwatin kayan aikina da wani ido. An harbe shi a ƙofar gidansa a 1989, shekarar da yayana ya kawo mana rikoda, ban ma san da shi a duniya ba.

Kada dai ka fara da dub. Ka fara sanin waƙar, sannan ka ji yadda aka warware ta. Marcus Garvey ɗin da na ambata yana da nasa, Garvey's Ghost. Ka ji su a jere.

Akwai wasu mutum uku da nake so duk ɗan yankinmu ya ji, Israel Vibration. Dukkansu shan inna ta kama su suna yara, a cibiyar kula da masu ita suka haɗu a Kingston, da sanduna suka riƙa hawa dandamali. Albam ɗinsu na farko The Same Song, 1978. Akwai wani abokina da muka taso tare, da keken hannu yake yawo, yana gyaran takalma ranar kasuwa. Da na nuna masa hotonsu ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, daga baya ya ce in tura masa. Har yau ita ce ƙarar wayarsa. Haka kuma Culture, ƙungiyar Joseph Hill. Albam ɗinsu Two Sevens Clash ya sa mutane da dama a Kingston sun ƙi fita ranar 7 ga watan 7 na 1977, don tsoron abin da zai faru in bakwai-bakwai suka haɗu. Ba abin da ya faru, sai dai albam ɗin ya rage.

In kuma zuciya ta gaji da maganar zalunci da Babila, sunan da mawaƙan ke kiran mulkin danniya da shi, ga Gregory Isaacs da Night Nurse na 1982, ga Dennis Brown. Mata ma kada a bar su a baya. Matan nan uku da ke yi wa Bob amshi, biyu daga ciki, Marcia Griffiths da Judy Mowatt, kowace tana da aikinta na kanta, kuma Black Woman na Judy ya isa a ajiye shi kusa da na kowane namiji.

Na san abin da wasu ke raya wa a zuci tun ɗazu, don an sha faɗa mini a fuska. Wai mai jin rege ɗan wiwi ne, kuma waƙoƙin na wani addini ne. Na biyun akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Yawancin mawaƙan nan 'yan Rasta ne, suna ɗaukaka Sarkin Habasha Haile Selassie, wanda aka naɗa a 1930 kuma ya ziyarce su a 1966, zuwa matsayin da Musulmi ba zai taɓa yarda da shi ba. Akwai waƙoƙin da nake tsallakewa saboda haka, akwai kuma na yabon ganye da ba na sa wa a shago, yara na shigowa. Shi ya sa nake cewa ka san abin da ake faɗa kafin ka riƙa bi da baki. Amma kukan talaka da ke ciki, na haraji da yunwa da ɗan sanda da shugaban da ya manta da inda ya fito, wannan ba sai an fassara wa manomin da ya sayi taki bana ba. Batun hayaƙi kuwa, shekarata talatin da wani abu ina ji, ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Lucky Dube ma, da duk dadarsa, an san shi ba ya shan taba ba ya shan giya.

Tunda na ambace shi, mu dawo gida Afirka, inda kunnenmu ya fi sabawa. Lucky Dube da kiɗan gargajiyar Zulu ya fara kafin ya juya. Albam ɗinsa na rege na farko gwamnatin wariyar launin fata ta hana shi. Slave na 1987 da Prisoner na 1989 su ne ginshiƙai, kuma ka ji su daga farko har ƙarshe, ba guda biyun da direbobi ke maimaitawa ba. 'Yan fashin mota suka kashe shi a Johannesburg a watan Oktoba na 2007. Alpha Blondy na Kodebuwa, sunansa na yanka Seydou Koné, yana waƙa da Julanci da Faransanci da Turanci, wani lokaci har da Larabci. Jerusalem na 1986 a Jamaika ya yi shi, kuma ka san su wa suka buga masa? Makaɗan Bob ne, har da 'yan gidan Barrett ɗin nan. Ka ga zaren ya sake dawowa. Bayansa akwai Tiken Jah Fakoly, wanda 'yan Nijar da ke zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis suka fi mu saninsa, a wurinsu ma na fara samu. A nan gida kuma, ban da Majek, akwai Ras Kimono da Under Pressure, akwai Mandators, akwai Evi Edna Ogholi da ke waƙa da harshen Isoko. Abin takaici, nasu ya fi na Jamaika wuyar samu da sauti mai kyau.

Na Ingila, Steel Pulse da Aswad sun isa mafari. Daga 1985 kuma, da aka fara buga kiɗan da ƙaramar na'urar Casio, abin ya koma wani salo mai zafi wanda ni bai cika shiga raina ba, tsufa ne wataƙila. Amma 'Til Shiloh na Buju Banton na 1995 ya kama ni, haka Chronixx, haka yarinyar nan Koffee da ta ci Grammy a 2020 tana da shekara 19.

Saura maganar ajiya, wadda na koya da kuka. Kaset ɗina sun haura ɗari biyu. Gara ta fara cin kwalayensu a ɗakin ƙasa, sai na kwashe na zuba a akwatin ƙarfe na tura ƙarƙashin benci a shago. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, ambaliyar 2022 ta shigo shagon har gwiwa. Da ruwa ya janye na buɗe akwatin, laka ce zalla. Guda goma sha tara na ceto, na wanke zaren na shanya a inuwa, na naɗe da biro, inda ya tsinke na liƙa da salatif. Na Majek ɗin yayana ba ya cikinsu. Don haka duk abin da ka tara, ka ajiye shi wuri biyu, ɗaya a gida ɗaya a wani wurin. Ka kuma yi hattara da memori mai arha. Na taɓa sayen wanda aka rubuta gigabait 32 a jikinsa, ya karɓi kaya kamar gaske, da na zo buɗewa rabinsu ba sa motsi. In ka sayi sabo, cika shi tukuna ka gwada na farko da na ƙarshe kafin ka goge na tsohon.

Duba nauyin waƙa ma. Waƙar minti 4 in ba ta kai kusan megabait 4 ba, an matse ta, kuma abin da ake fara zubarwa shi ne daɗin. Ka ba kowane albam foldarsa, sunan mai shi, shekara, sunan albam, waƙoƙin a jere yadda aka tsara su. Ni wata guda albam ɗaya ko biyu nake ƙarawa, da datar dare nake saukewa, a bayan firamare inda sabis ya fi kamawa. Sannan don Allah kada ka yanke wa rege hukunci da lasifikar waya. Ba ta iya fitar da bes ko kaɗan, kamar ka sha miya ne ba gishiri ba daddawa. Tawa da kaina na haɗa, tsohuwar lasifikar mota ce mai inci 10 a cikin akwatin katako, da ƙaramin amfilifaya da batirin sola.

Ɗan ƙanwata dai ban ba shi sunaye ba ranar. Na goge foldar nan da izininsa, ya kawar da kai kamar ana yanka masa akuya, na tura masa albam uku kacal: Catch a Fire, Marcus Garvey, da Prisoner. Na ce kada ya dawo sai ya iya gaya mini wace waƙa ke bin wace. Jiya da la'asar sai ga shi, ba caji ya kawo ba. Ya ce, "Kawu, mai bes ɗin nan na biyun, ba shi ne na farkon ba?" Na ce a wasu waƙoƙin shi ne, a wasu kuma yaronsa ne, je ka gano mini waɗanne. Sai ya tsaya yana shafa akwatin lasifikata, ya tambaye ni nawa katako zai ci. Na ce ya nemo lasifikar a wurin masu gwangwan ranar Lahadi, katakon ina da ragowa a bayan shago.